Haɗin Feftayid na Bairos: Me Yake Nunawa Game da Ƙwayoyin T, Me Kuma Yake Ɓoyewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin garkuwar jiki. Aikina shi ne in duba ko mutanen da aka yi wa allurar rigakafin korona suna da ƙwayoyin T masu gane bairos ɗin. Mai duba aikina ya ce mu sayi haɗin feftayid. Abin da ban gane ba shi ne, me ya hana a zuba bairos ɗin kansa ko furotin ɗinsa cikakke? Sannan na ga haɗin iri biyu ne, wani yana da feftayid ɗari uku da wani abu, wani kuma zaɓaɓɓu ne, wanne zan ɗauka? Na uku, a gwajin farko da na yi da haɗin CEF, mutum biyu cikin shida ba su nuna komai ba. Ƙwayoyinsu sun mutu ke nan?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambaya uku kika jero, amma duk rassan itace ɗaya ne: me ƙwayar T, ɗaya daga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, take gani a zahiri, me kuma muke nuna mata sa'ad da muka zuba mata feftayid a gurbin faranti? Bari in fara kwantar miki da hankali kan ta ƙarshe. Don mutum bai amsa CEF ba, wato haɗin gajerun feftayid na bairos uku da ake gwada ƙwayoyi da shi, ba shi ke nuna ƙwayoyinsa sun mutu ba. Dalilin zai fito da kansa in muka ɗauko zancen daga tushe.

Abin da ƙwayar T take gani

Antibodi yana cafke bairos yadda ya same shi, da siffarsa da naɗinsa, tun yana yawo cikin jini ko majina. Ƙwayar T ba ta da wannan idon. Ko an ajiye mata bairos sukutum a gabanta, wucewa za ta yi. Sai wata ƙwayar jiki ta daddatse furotin ɗinsa, ta ɗora gutsure ɗaya a kan wani furotin nata mai suna HLA, ta miƙo shi waje, sannan ƙwayar T ta zo ta duba. Gutsuren nan shi ne feftayid, wanda kuma ƙwayar T ta gane a cikinsu shi ake kira efitof. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano a 1974, a Canberra ta Ostareliya, cewa ƙwayar T ba ta ganin bairos shi kaɗai sai tare da wannan furotin na jikin mai ita, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1996. A 1986 kuma Alain Townsend a Oxford ya nuna cewa ɗan guntun feftayid da aka haɗa a ɗakin gwaji, wanda aka kwaikwayo daga wani furotin na cikin bairos ɗin infuluwenza, ya isa ya sa ƙwayar T ta kai hari. Duk aikin da kike shirin yi, a kan wannan gwajin yake tsaye.

HLA aji biyu ne. Ramin da feftayid ke kwanciya a aji na ɗaya toshe yake gaba da baya kamar cikin kwalekwale, saboda haka gajere kawai yake ɗauka, amino asid (tubalan da ke haɗa furotin) 8 zuwa 11, galibi 9. Ƙwayoyin T nau'in CD8, masu kashe ƙwayar da ta kamu, yake nuna wa. Ramin aji na biyu buɗe yake ta ɓangarorin biyu kamar indararo, feftayid mai amino asid 13 zuwa 25 yana iya kwanciya kai da jela suna leƙe a waje, ko da yake 9 ne kaɗai ke zaune a ciki. Wannan na ƙwayoyin T nau'in CD4 ne, masu taimaka wa sauran garkuwar jiki. Kowane mutum yana gadon nau'in aji na ɗaya da ba su wuce shida ba, biyu-biyu daga A da B da C, alhali nau'in da ke tsakanin 'yan Adam dubbai ne, kuma kowane nau'i da irin feftayid ɗin da yake iya riƙewa. Ke da ni muna iya kamuwa da bairos ɗaya a rana ɗaya, ƙwayoyinki su ga wani gutsure, nawa su ga wani dabam. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya hana a zuba bairos ɗin kansa?

Ba abin da ya hana, ana yi ma, sai dai wahalarsa ta fi amfaninsa ga tambaya irin taki. Bairos mai rai yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsauraran matakan tsaro, yana iya kashe ƙwayoyin da kike son aunawa, wasu kuma sun ƙware wajen ɓoye HLA: bairos ɗin CMV (cytomegalovirus) yana da furotin kamar US2 da US11 masu lalata shi, HIV yana da Nef mai janye shi daga saman ƙwaya. In kuwa kika zuba kasasshen bairos ko furotin cikakke, ƙwayoyi za su haɗiye shi daga waje, abin da aka haɗiye kuma yawanci ta aji na biyu yake fitowa. Za ki ga CD4, CD8 su yi miki shiru, ki ɗauka babu su. Ga kuma matsalar furotin da aka samar cikin bakteriya, wanda kan zo da ɗan gubar bangon bakteriyar, ta tada ƙwayoyin jini ba gaira ba dalili.

Feftayid ya tsallake duk wannan. Haɗa shi ake yi amino asid ɗaya bayan ɗaya, bisa dabarar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963. Ba ya kamuwa, ba ya yaɗuwa, yana hawa HLA ba tare da dogon zagaye ba, yana aiki da ƙwayoyin da aka daskarar. Babban alherinsa gare ki shi ne ke za ki zaɓi ɓangaren bairos da za a tambaya. Alluran Pfizer da Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson furotin S kaɗai suke koya wa jiki, wato ƙayar nan da ke jikin bairos. In mutum ya amsa haɗin S kuma ya amsa haɗin N ko M, wasu furotin biyu na bairos ɗin da alluran nan ba su ƙunsa ba, akwai alamar ya haɗu da bairos ɗin kansa, ba allura kaɗai ba. Amma ki tambayi kowa irin allurar da aka yi masa, domin Sinovac da Sinopharm kasasshen bairos ne gaba ɗayansa, wanda aka yi wa su yana iya amsa N bai taɓa kamuwa ba.

Masu hawa juna da zaɓaɓɓu

Wanda kika ga yana da ɗari uku da wani abu, haɗin masu hawa juna ne. Ana ɗaukar furotin daga kai zuwa jela a yanka shi amino asid 15-15, kowane yanki ya hau 11 na wanda ke gabansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Na farko daga 1 zuwa 15, na biyu 5 zuwa 19, na uku 9 zuwa 23, haka har ƙarshe. Da wannan jeri, duk wani tsagi da bai wuce amino asid 12 ba zai faɗo cikakke a cikin aƙalla feftayid ɗaya. Furotin S yana da amino asid 1,273, shi ya sa yake ba da feftayid 315, ana kuma yawan raba su kwalba biyu. Furotin pp65 na CMV mai 561 yana ba da 138. An tsaya a 15 ne don sulhu: ya isa aji na biyu, kuma in an ɗan datse shi yana shiga aji na ɗaya.

Ƙarfin wannan haɗin shi ne bai damu da HLA ɗin mutum ba. Kin shimfiɗa furotin gaba ɗaya, kowa ya ɗauki nasa. Rauninsa yana wajen CD8, domin sai an yi wa mai 15 aski kafin ya shiga ramin da ke ɗaukar 9, askin kuma ba kullum yake faɗawa daidai ba. Wani efitof ɗin da zai ba ki amsa mai ƙarfi in kin zuba shi a gajarce, a cikin mai 15 sai ya zo da rauni. Saboda haka adadin CD8 da kika samu da irin wannan haɗin, ki ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai.

Zaɓaɓɓun kuwa an tsamo su ne ko dai daga efitof ɗin da aka riga aka tabbatar, waɗanda ake tarawa a rumbun IEDB da ke La Jolla a Kalifoniya, ko kuma daga hasashen manhajar kwamfuta irin NetMHCpan ta masu bincike a Denmak. Da su ana iya rufe bairos gaba ɗaya da ɗaruruwa maimakon dubbai. Rukunin Alessandro Sette suna haɗa ɗaruruwa wuri ɗaya, su busar, su sake narkarwa cikin ɗan ruwa kaɗan, da haka suka auna masu korona tun farkon 2020. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Manhaja tana hasashen abin da zai manne da HLA ne, mannewa kuwa ba ganewa ba ce. Kuma ilimin da aka tara ya karkata ga nau'in HLA da aka fi nazari, musamman A*02:01. Nau'i irin B*53:01 da ya yawaita a Afirka ta Yamma, da wasu da yawa na al'ummomin da ba a cika gwadawa ba, bayanansu ba su kai haka ba. In mutanenki ba su cikin waɗanda aka zaɓi haɗin dominsu, shirun da za ki gani na haɗin ne, ba na jininsu ba.

Tunda ba ki ce za ki tantance HLA ɗin mutanenki ba, ni dai masu hawa juna zan saya: S, sannan N da M. Sai dai kada ki rubuta "amsar T ga bairos" alhali furotin uku kika tambaya. A 2005 rukunin Louis Picker a Oregon suka haɗa feftayid 13,687 da suka rufe furotin 213 na CMV, suka gwada a jinin mutum 33 masu ɗauke da shi. Furotin 151 suka tada amsa, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin T masu tunawa da ke jinin mutanen nan CMV suke jira. Kafin nan yawancin masu bincike furotin ɗaya ko biyu suke gwadawa, suna ɗauka sun ga mafi yawa.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai shi ne sababbin nau'o'in bairos. Binciken da aka yi a Cape Town aka buga a 2022 ya nuna kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na amsar T ga furotin S yana nan ko da an gwada da Omicron. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Amma ki lura canjin Omicron a furotin S talatin da 'yan kai ne cikin 1,273, don haka feftayid da yawa a kwalaben biyu iri ɗaya ne sak. In canjin kansa kike son gani, ki gwada feftayid ɗin wuraren da suka canza kawai, kowane da takwaransa na asali.

Da me za a karanta amsar?

A nan ba zan tsawaita ba. ELISpot ya fi sauƙi da arha da kaifin ido: ƙwayoyi 200,000 zuwa 250,000 a kowane gurbi na faranti mai gurbi 96, a bar su awa 16 zuwa 24, duk ƙwayar da ta fitar da intaferon gama (wani saitokayin, wato saƙon da ƙwayar T ke fitarwa in ta farka) ta bar ɗigo, a ƙirga. Ba ya faɗa miki ko CD4 ce ko CD8. Don sanin wannan sai na'urar filo, mai duba ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya: ko dai a tada ƙwayoyin kamar awa 6 tare da birefeldin A da ke hana saitokayin fita, a rina abin da ya taru a ciki, ko kuma a jira kusan yini ɗaya a nemi alamun farkawa a saman ƙwaya, OX40 da CD137 ga CD4, CD69 da CD137 ga CD8. Hanya ta ƙarshe tana kama ƙwayoyin CD4 masu taimakon samar da antibodi, waɗanda ba su cika fitar da intaferon gama ba, ELISpot ya wuce su bai gani ba. Hanyoyin uku ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, kada ki ɗora lambar wannan a kan ta wancan.

Mutum biyun da suka yi shiru

Jeffrey Currier da abokan aikinsa ne suka fito da CEF a 2002 don gwaje-gwajen rigakafin HIV. Wanda aka fi sayarwa yau yana da gajerun feftayid 32 daga CMV da Epstein-Barr da infuluwenza, dukkansu na aji na ɗaya, kowane kuma daure yake da wani nau'in HLA. NLVPMVATV na CMV da GILGFVFTL na infuluwenza, alal misali, sai mai A*02. Kafin mutum ya amsa CEF sai abu uku sun haɗu: ya taɓa kamuwa da ɗaya daga cikin ukun, yana da HLA da ke cikin jerin, kuma ƙwayoyin da suka tuna suna da yawan da gurbi ɗaya zai kama. Mutum na iya ɗauke da CMV shekara talatin, jininsa cike da ƙwayoyin da ke tsare shi, ya ƙi amsa CEF don kawai ba a sa gutsurensa a kwalbar ba.

Don haka CEF ba shi ne alƙalin rai da mutuwa ba. Kowane mutum yana buƙatar gurbin shaida iri biyu. Shaidar akwai, wato PHA ko SEB, masu tada ƙwayoyin T da yawa ba ruwansu da efitof. Da shaidar babu, wato ƙwayoyi da DMSO (ruwan da ake narkar da feftayid) zalla, daidai adadin da ke cikin gurbin feftayid. Ki koma farantinki. In gurbin PHA na mutum biyun nan ya cika maƙil da ɗigo, ƙwayoyinsu lafiya lau suke. In shi ma fayau yake, to matsalar tana hannu, ba ta jini ba. Ban ga farantin ba, ba zan yanke miki hukunci daga nan ba, amma wannan dubawar ta minti ɗaya ce.

In ta hannu ce, ki fara da agogo. Jinin da ya wuce awa 8 kafin a ware ƙwayoyinsa yana fara ja da baya, wanda ya kwana kuwa wasu fararen ƙwayoyi masu tsaba-tsaba sukan biyo cikin waɗanda kika ware, su danne amsar T. Daskarewa a hankali ake yi, kamar digiri ɗaya a minti, ajiya mai tsawo kuma sai ruwan naitirojin. Bayan narkewa ni nakan bar su su huta su kwana, sannan in sake ƙirgawa, domin waɗanda ke kan hanyar mutuwa da farko suna kama da masu rai. Sai DMSO: da shi ake narkar da feftayid, amma guba ne ga ƙwaya in ya yi yawa. Ki tsaya ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 a gurbi. Ɗalibai sukan haɗa kwalba uku ko huɗu a gurbi ɗaya su manta DMSO ɗin ma taruwa yake yi.

Shaidar babu ta fi ba ni wahala a tsawon aikina. Akwai lokacin da muka yi makonni gurabenmu na DMSO suna fitowa da ɗigo rututu, har amsar gaske ba ta rabuwa da hayaniya. Mun zargi faranti, mun zargi hannun sabon ɗalibi, wanda daga baya sai da na ba shi haƙuri. Ruwa ba ya tsami banza: sabon ruwan jinin ɗan maraƙi ne, wanda ake rainon ƙwayoyi da shi, da muka buɗe ba mu gwada ba. Tun daga nan ba na karɓar sabon kaso sai na gwada shi gefe da gefe da tsohon. Feftayid ɗin ma kan zo da datti. A 2008 Currier da abokansa suka ba da rahoton feftayid ɗin HIV na sayarwa da suka gurɓata da ɗan ɓurɓushin efitof ɗin CMV, har mutanen da ba su da HIV suka riƙa amsawa. In kin ga amsar da ta ba ki mamaki, ki maimaita da feftayid daga wani kaso dabam kafin ki yi shela.

Abin da ɗigo ba ya faɗa

Nan ne nake so ki fi taka-tsantsan a rubutunki. Gurbin da ya amsa abu ɗaya yake faɗa: a cikin jinin nan akwai ƙwayoyin T da suka gane wani daga cikin feftayid ɗin nan, a wannan adadin da aka zuba. Adadin kuwa ba kaɗan ba ne. Maikurogiram 1 a mililita na kowane feftayid, wanda shi aka saba, ya ninka abin da ƙwayar da ta kamu da gaske take nunawa nesa ba kusa ba. Mun kuma tsallake datsawa da jigila da duk dabarun ɓuya na bairos. Ƙwayar T mai raunin gani tana iya amsawa a gurbi, ta kasa gane ƙwayar da ta kamu a huhu.

Ba ya kuma faɗa miki daga ina tunawar ta zo. A 2020 masu bincike a La Jolla sun sami ƙwayoyin CD4 masu amsa feftayid ɗin SARS-CoV-2, wato bairos ɗin korona, a kusan kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na jinin da aka ajiye kafin annobar. A asibitin Charité na Berlin sun sami kashi 35 cikin 100 a masu lafiya da ba su kamu ba. Wani sashe na wannan daga 'yan'uwan korona masu kawo mura ne, OC43 da HKU1 da 229E da NL63. A Singafo kuma rukunin Antonio Bertoletti sun nuna waɗanda suka warke daga SARS ta 2003 suna amsa furotin N bayan shekara 17. Ga ki yau, kusan kowa ya haɗu da bairos ɗin ko allurarsa, saboda haka mutanen da za ki kira "waɗanda ba su haɗu ba" sai dai in kina da ƙwayoyin da aka daskarar kafin ƙarshen 2019.

Mafi girma, ba ya cewa mutum ya tsira. Gwajin STEP na rigakafin HIV shi ne darasin da fanninmu ya sha da ɗaci: kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka duba bayan allurar sun amsa haɗin feftayid a ELISpot, amma allurar ba ta hana kamuwa ba, ba ta rage yawan bairos ba, aka dakatar da gwajin a Satumba 2007. Ƙari a kan haka, kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan ƙwayoyin suke cikin jini a kowane lokaci. Waɗanda ke zaune a hanci da huhu, inda bairos ke fara sauka, sirinjinki ba ya kai gare su. Ki rubuta "an gano amsa", kada ki rubuta "an sami kariya".

Tun kafin ki fara, ki rubuta ƙa'idar abin da za ki kira amsa: ɗigo nawa a cikin ƙwaya miliyan ɗaya bayan an cire shaidar babu, da ninki nawa a kanta. Ki sa kowane haɗi a gurbi uku, ki kuma gwada jinin mutum ɗaya na kafin allura da na bayanta a faranti ɗaya, rana ɗaya. Ki raba kwalbar feftayid ƙanana-ƙanana tun ranar da kika narkar da ita, don kada ki riƙa narkarwa kina mayarwa firiza. Kuma ki daskarar da kwalba biyu ko uku na rara daga kowane mutum. In wani ya amsa S da ƙarfi, za ki so sanin wane feftayid ne, hanyar kuwa ita ce a jera su layi-layi tsaye da kwance: feftayid 100 su zama ƙananan haɗi 20, kowane feftayid ya faɗo cikin biyu, inda layin tsaye da na kwance suka amsa tare nan ake zargi, sai a tabbatar da shi shi kaɗai. Wannan zagayen yana cin ƙwayoyi miliyoyi, mutumin kuma ba lallai ya dawo ba da jini karo na biyu ba.